In nuna wa ƙanena fim ɗin Stu Ungar, ko ƙaimi zai ƙara masa?

Yayan Gida: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka kalli fim ɗin High Roller na 2003, wanda aka yi kan rayuwar Stu Ungar, Ba'amurken da ya lashe gasar duniya ta wasan kartar da ake kira foka har sau uku. Ƙanena ɗan shekara 19 ya faɗa cacar ƙwallo ta waya har ya taɓa kuɗin makarantarsa, kuma faɗa da nasiha duk sun ƙi ci. Wani abokina ya ce in zaunar da shi mu kalli fim ɗin tare, tunda mutumin ya mutu ba shi da ko sisi bayan miliyoyin da suka ratsa hannunsa. Tambayoyina biyu ne. Fim ɗin tsoratarwa yake yi ko burgewa? Sannan Turancin yaron bai yi ƙarfi ba, nawa ake biya a fassara fim zuwa Hausa?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Na kalle shi, kuma ina ganin abokinka ƙarshen kawai ya tuna. An gina labarin ne a ɗakin wani ƙaramin otal a Las Vegas, inda Ungar yake ba wani baƙo tarihinsa a darensa na ƙarshe, tun daga yarintarsa a New York zuwa nasarorinsa na 1980 da 1981 da 1997. Michael Imperioli ya yi ƙoƙari a matsayin Ungar, ko da yake ana ganin alamar ƙarancin kuɗi a aikin. Abin da nake ji wa tsoro shi ne babban ɓangaren fim ɗin yana nuna yaro siriri mai kaifin ƙwaƙwalwa yana wanke manya a kan tebur, ya bar makaranta amma kuɗi suna shigo masa. Matashin da ya riga ya yarda cewa shi ma yana da basirar da wasu ba su da ita zai ɗauki wannan ɓangaren ne, ya ce sauran laifin hodar iblis ne, shi kuwa ba ya shan komai.

Alhaji Na Kasuwa: Ka karɓe wayar ka ba shi ƙaramar da ba ta hawa intanet, ka kawo shi shago ya riƙa wuni a gabanka. Mu da aka yi wa haka ba mu lalace ba.

Mai Turi: Tura fim a waya naira 200 ne a wurinmu. Fassara kuwa ba a cika yi wa mutum ɗaya ba, domin masu yi sun fi son finafinan Indiya da na faɗa da za su sayar wa jama'a da yawa, amma na taɓa jin an yi wa wani a kan 30,000.

Ɗan Sitidiyo: Wanda ya karɓi 30,000 ya fassara fim mai kusan awa biyu, to rabin maganar daga kansa ya ƙirƙiro. Fim irin wannan kusan duka zance ne da kalmomin 'yan karta, sai an rubuta an tace kafin a ɗora murya, kuma ƙasa da 80,000 ba wanda ya san aikinsa zai taɓa shi. Turin ma a unguwarmu 100 ne.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri, ban kalli fim ɗin ba kuma ba na bukatar kallonsa, domin a ɗakina aka yi shi. Maigidana tela ne mai rufin asiri, ba ya shan ko taba. Na fara ganewa ne a wurin wanki, idan na zazzage aljihun rigarsa sai in ga dogayen takardu kamar rasit ɗin kanti, an jera sunayen ƙungiyoyin ƙwallo har ƙasa, wasu ya kewaye su da biro. Idan na yi magana sai ya ce wasa ɗaya ne ya ɓata masa tikiti, da yanzu ya saya mini fili. Kullum wasa ɗaya ne. Daga nan kuɗin adashin da nake riƙe wa matan unguwa suka yi ƙafa daga cikin akwati, ni na sayar da 'yan kunnen aurena na biya don kada sunana ya ɓaci. Ranar da na dawo daga gidan suna na tarar babu keken ɗinkina, sai sawun ƙafafunsa a kan leda, ranar na tattara yarana. Iyayenmu sun zauna, ya rantse ya daina, na koma, ba a yi nisa ba na ji shi cikin dare a banɗaki yana sauraron sakamakon wasa. Yanzu ina gidanmu. Yayan Gida, kuɗin da za ka kai wa mai fassara ka riƙe su, ka je ka bincika waɗanda yaron ya ci bashinsu, domin wallahi akwai su, kuma bai gaya maka ba.

Hajiya Babba: Allah ya ba ki haƙuri, 'yata, ya musanya miki da mafi alheri. Har kin sa na yi hawaye. Yaran suna zuwa makaranta dai ko?

Uwar Biyu: Suna zuwa, Hajiya, yayana ne ya ɗauki nauyinsu. Na gode.

Mai Son Dariya: Allah ya kyauta. Amma in dai tsoratarwa ake so, ba sai an je Amurka ba, a sa yaron ya goyi bayan Manchester United na kaka ɗaya, da kansa zai tuba.

Malam Na Zaure: Ba wurin wasa ba ne. Allah ya haɗa giya da caca a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, a Suratul Baƙara aya ta 219 kuma ya ce zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Wanda wannan bai ishe shi ba, fim ɗin da na ji an ce cike yake da ashar da shaye-shaye ba zai gyara shi ba. Ina mamakin yadda ake neman magani a wurin waɗanda suka mai da caca sana'a har da ba wa gwaninta munduwar zinare.

Malamin Lissafi: Allah ya gafarta Malam, ba wanda ya yi jayayya da hukunci, kuma gaskiya ne akwai ashar da wuraren da ba a kallo da iyali. Sai dai mai tambaya ya nemi waɗanda suka kalla ne, kuma zuwa yanzu ni kaɗai ne na kalla. Akwai abin da ya kamata yaron ya sani wanda ya fi fim ɗin kansa amfani. A 1997 Ungar ba shi da dala 10,000 na shiga gasar, wani abokinsa ɗan karta mai suna Billy Baxter ne ya biya masa, da ya ci dala miliyan ɗaya suka raba biyu. Cikin 'yan watanni rabonsa ya ƙare, kuma ba a teburin karta ya tafi ba, cacar wasanni da ƙwaya ne suka cinye shi. Ke nan mutumin da ake sa shi cikin gwanayen karta mafi girma a tarihi, a irin cacar da ƙanenka yake yi ne ya karye. An tsinci gawarsa a Nuwamban 1998 yana da shekara 45, da kusan dala 800 a tare da shi.

Uwar Biyu: Malamin Lissafi, da girmamawa, kallon fim bai sa ka fi wanda abin ya ci sanin caca ba. Mijina ya san labarin waɗanda suka talauce fiye da kai, da sunayensu yake kawo mini su, ya ce su ba su iya lissafi ba ne.

Ɗalibar Shari'a: Ni abin da ke ba ni takaici shi ne muna ta maganar fim ɗin da ya haura shekara 20 da fitowa, alhali duk wasan da yaro zai kalla tallar caca ce a rigar 'yan wasa da gefen fili da lokacin hutun rabin lokaci. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce jihohi ne ke da hurumi, a Kano kuma Hisbah ta rufe shagunan caca. To shagon da ke cikin aljihu fa, wa zai rufe shi?

Alhaji Na Kasuwa: Shi ya sa na ce a karɓe wayar, aka wuce maganata kamar ban yi ba.

Mai Turi: Alhaji, a wayar abokinsa zai buga. Yaran da ke zama a shagona karo-karo suke yi su haɗa tikiti ɗaya. Abin haushin ma saƙonnin da kamfanonin ke turowa ne, ni ban taɓa buɗe asusu ba amma har da asuba sai an ce mini ga garaɓasa tana jirana. Wa ya ba su lambata?

Ɗalibar Shari'a: Ni ma suna turo mini, kuma na toshe lambar sun dawo da wata.

Yayan Gida: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maganar bashi ta tsaya mini a rai, zan tambayi abokansa yau. Amma Malamin Lissafi, idan na tsallake farkon na nuna masa daga inda abubuwa suka fara lalacewa kawai, kana ganin zai fahimci labarin? Ɗan Sitidiyo kuma, rabin fim nawa ne?

Ɗan Sitidiyo: Ba a yin rabi.