Kwalbar giyar Porto ta 1985: yaya ake buɗe ta, kuma yaya ake shan ta?

Mai Tambaya:
'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar giyar inabi. Wani abokin aikina ya ba ni kyautar kwalbar giyar Porto, irin wadda ake kira Vintage, an rubuta 1985 a jikinta, kuma ya tabbatar mini cewa tun da ya saye ta a kwance take a wuri mai sanyi da duhu. Da na haska ta da fitila sai na ga wani baƙin abu ya manne a gefe ɗaya daga ciki. Shin lalacewa ta yi? Idan kuma lafiyarta ƙalau, ta yaya zan buɗe ta ba tare da na yi ɓarna ba?

Tsohon Ma'aikacin Otal:
Malam, ka kwantar da hankalinka, abin da ka gani alama ce ta cewa giyar ta tsufa yadda ake so. Ita Vintage daga inabin shekara guda ake yin ta, wanda aka noma a kwarin kogin Douro da ke arewacin Fotugal, kuma ba kowace shekara kamfanoni suke fitar da ita ba, sai shekarar da amfanin ya yi kyau ƙwarai. 1985 tana cikin irin waɗannan shekaru, kamar 1963 da 1977 da 1994. Tun inabin bai gama tsimuwa ba ake zuba masa barasar inabi mai ƙarfi, wadda take tsayar da aikin yis, shi ya sa zaƙin yake saura, ƙarfin giyar kuma ya kai wajen kashi 20 cikin ɗari. Bayan kimanin shekara biyu a gangar katako sai a ɗura ta a kwalba ba tare da an tace ba, saboda haka sauran tsufanta duk a cikin kwalbar take yin sa, launi da bauri suna ta kwantawa a hankali har su zama wannan laka da ka hango.

Ka tsayar da kwalbar a tsaye kwana ɗaya ko biyu domin lakar ta gangara gindi. Wurin da ake shan wahala shi ne matoshin. Na taɓa buɗe wa wasu baƙi irin wannan kwalba da murɗaɗɗen ƙarfen nan na yau da kullum, matoshin ya dagargaje a hannuna kamar busasshen burodi, rabinsa ya faɗa ciki, ina tsaye a gabansu ina tsince ɓarɓashi da cokali. Ka nemi mabuɗi mai harsuna biyu da ake zurawa ta gefen matoshi, ka murza shi sannu a hankali. Daga nan ka kunna kyandir a ƙarƙashin wuyan kwalbar, ka tsiyaye giyar cikin tulun gilashi a zubi ɗaya ba tare da ka ɗaga hannu ba, da zarar ka ga laka ta iso wuya sai ka tsaya.

Baƙuwar Gaia:
Na yarda da kusan duk abin da dattijo ya faɗa, sai dai ina da ƙari. A Vila Nova de Gaia, garin da ke tsallaken kogi daga birnin Porto inda rumbunan ajiyar giyar suke, na ga an buɗe tsohuwar kwalba da awartaki. Ana gasa shi a wuta har ya yi ja, a matse wuyan kwalbar da shi ƙasa da matoshi na ɗan lokaci, sannan a shafa wurin da abu mai sanyi, sai ka ji ƙas, gilashin ya tsage a zagaye. Abin sha'awa ne, amma ba na ba wa sabon hannu shawarar gwada shi. Idan matoshinka ya farfashe, mazurari da farin ƙyalle mai tsabta wanda ba ya warin sabulu sun wadatar wajen tace giyar.

Batun da nake so ka kula da shi shi ne lokaci. Giyar da ta haura shekara talatin ba ta buƙatar shan iska mai tsawo. Awa biyu zuwa uku a tulu sun isa, alhali giyar da ba ta tsufa sosai ba kamar ta 2011 tana iya ɗaukar fiye da haka kafin ta saki jiki. Kada ta yi ɗumi, domin ɗumi yana sa barasar ta danne ƙamshin. Tsakanin digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Celsius ya fi dacewa. Ka zuba kaɗan a ƙaramin kofin gilashi, ka karkata shi a kan farar takarda. Za ka ga tsakiya ja ne, bakin kuma ya koma launin jan bulo. A hanci ka nemi ƙamshin busasshen ɓaure da zabibi, wani lokaci har da na gahawa da ganyen taba. Turawan Ingila suna haɗa ta da cukun Stilton mai gishiri, suna kuma miƙa tulun ta hannun hagu a teburi, amma ni na fi son kurɓin farko ya zama babu komai a baki.

Tsohon Ma'aikacin Otal:
Gaskiyarki, 'yar'uwa, kuma kin tuna mini da abin da na manta. Malam, kada ka buɗe ta kai kaɗai da niyyar sha har mako guda. Wani nau'in giyar Porto da ake kira Tawny ta saba da iska tun tana ganga, tana iya yin makonni a buɗe, amma tsohuwar Vintage cikin kwana ɗaya ko biyu ƙamshinta yake dusashewa. Tana da nauyi, don haka ka gayyaci mutum shida ko takwas, kowa ya samu ɗan kaɗan.

Mai Tambaya:
Na gode muku ƙwarai. Jiya da dare muka buɗe ta, mu bakwai. Matoshin ya karye biyu duk da mabuɗi mai harsuna, sai ƙyalle ya cece ni, kuma lakar da ta rage a gindi ta kai cokali uku. Kurɓin farko barasa ce ta fi fitowa, har na fara zargin kwalbar, amma bayan kamar awa guda sai ɓauren ya bayyana, zaƙin ya lafa, ɗanɗanon ya daɗe a harshe bayan an haɗiye. Ganyen tabar ne dai har muka tashi ban ji shi ba, ko da yake mutum biyu a cikinmu sun dage cewa yana nan.