Na kashe kuɗi a talla, amma har yanzu "mai jan murfi" ake ce wa yajina

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a harka. Shekara biyu ke nan ina haɗa yajin daddawa da garin kunun gyaɗa a gida, nan Pantami a garin Gombe, ina kai wa shaguna. Gab da azumin bara na daure na kashe Naira 85,000 a talla: sati biyu a wani gidan rediyo, takardu 500 da aka buga mini, sai wani yaro da ya ce zai tura mini a Facebook. Ciniki ya ɗan ɗaga, ban musa ba. To jiya ina tsaye a wani shago a Jekadafari da nake ba su kaya, sai ga yarinya da kuɗi a dunƙule a hannu, ta ce "a ba ni yajin nan mai jan murfi." Nawa ne fa! Ga suna ɓaro-ɓaro a jikin robar. Har na isa gida raina a ɓace. Ga wani azumin yana tafe, ban sani ba ko in sake zuba kuɗi, in ma zan zuba, a ina?

Alhaji Bappah: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki ba wa rediyo ladan azumi. Mu a babbar kasuwa, sati biyu kafin a ga wata, ko barci kake yi a shago sai an tashe ka an sayi sukari da gero. Cinikin wannan lokacin ba ya nuna komai a kan talla. Ki duba littafinki, me kika sayar bayan ƙaramar salla?

Maman Hanifa: Ranka ya daɗe, gaskiya ya koma inda yake.

Alhaji Bappah: To kin gani.

Malam Yerima: Maman Hanifa, kafin ki ƙara kashe ko sisi, ki fara sanin mutum nawa ma suka san sunan. Masu binciken talla tambaya biyu suke yi, kuma jerin da ake bi wajen yinsu shi ne kan aikin. Ta farko ba a ambaci sunanki sam: "Baiwar Allah, in za ki aiki yaro ya sayo yajin roba, wanne za ki ce masa?" Duk abin da ya fito daga bakinta a rubuta shi yadda ta faɗa, ko "mai jan murfi" ne, ko "na gidan wance." Sai an gama wannan a ɗauko robarki a nuna mata, a ce ko ta taɓa ganin wannan, a ina. Wadda ta ambace ki da kanta, kin zauna a kanta. Wadda sai da ta gani ta tuna, ta san ki amma ba ke ce a bakinta ba. In aka fara nuna robar, an ɓata tambayar farko, don kin riga kin sa mata amsa a baki.

Mata 40 sun isa a fara. Amma kada a tsaya a layinku, inda kowa ya san ƙofar gidanki. A raba: Bolari, Herwagana, Tudun Wada, Tumfure, goma-goma. Bayan wata uku a sake, tambayoyin nan dai ba a canza ko kalma ba, amma wasu matan daban. Bambancin da kika gani tsakanin zagaye biyun shi ne zai gaya miki ko tallar da kika yi a tsakani ta kama. Mutum 40 ba za su ba ki lissafin duk garin Gombe ba, amma in 3 suka koma 14 ai ba sai an kira malami ya fassara ba.

Kuma ba ke za ki je ba.

Adda Jummai: Wannan ta ƙarshen ita ce maganar. Mu da kara! Ki miƙa wa mace abu da hannunki ki ce ya ya kika ji, ko gishiri ya yanke mata harshe cewa za ta yi "kai, masha Allah, hannunki da albarka." Ni haka aka yi ta yaba mini dambun nama wata shida, kaya kuma suna zaune. Ranar da na gane gaskiya walimar sauka ce a Islamiyyarmu. Na zuba kala uku a faranti uku iri ɗaya, nawa da na wasu biyu da na sayo, na liƙa 'yar takarda a ƙarƙashin kowanne yadda ni kaɗai na san na wane ne, na ba wa ƙanwata ta ajiye a tsakar tabarma, ni kuma na koma gefe ina ɗauraye kofuna kamar ba ruwana. Ban tambayi kowa komai ba. Kafin a yi addu'ar tashi faranti biyu sun zama wayam, har wata tsohuwa tana dangwale ragowar da ɗan yatsa. Nawa yana nan rabi. Na ji wata tana ce wa ta kusa da ita, "wannan mai ya yi masa yawa, yana kama maƙogwaro." Da kunnena, wallahi. Na yi kwanan baƙin ciki, amma washegari na rage mai. Ki yi haka da yajinki, ki dafa dankali ko ki soya awara a dangwala.

Maman Hanifa: Adda kin ba ni dariya kuma kin ba ni tsoro.

Sadiq Mai Waya: Anti, yaron nan na Facebook, ya nuna miki shafin da aka biya kuɗin, ko hoton masu danna alamar so kawai ya turo miki?

Maman Hanifa: Hoto ya turo, wai mutum dubu biyu da wani abu.

Sadiq Mai Waya: Ki shiga ki duba sunayen. In kika ga rabinsu ba ma 'yan ƙasar nan ba ne kada ki yi mamaki. Wanda ke Legas ma me zai yi da yajin da ake sayarwa a Jekadafari? Facebook yana ba da dama ki zaɓi garin Gombe da 'yan kilomitocin da ke kewaye, ki zaɓi mata, ki sa maɓallin da zai kawo mutum kai tsaye WhatsApp ɗinki. Abin ƙirgawa shi ne mutum nawa suka yi magana suka tambayi farashi. Kuma ki raba kuɗin biyu, hoto biyu, a lokaci guda, rubutu iri ɗaya: ɗaya robar ita kaɗai, ɗaya robar kusa da farantin awara. Abu ɗaya tak za ki bambanta, in kika canza hoto da rubutu da farashi gaba ɗaya ba za ki san wanne ya yi aikin ba. Ki yi da asusunki, kada ki sake ba wani kuɗi a hannu.

Wani abu kuma da mutane ba su sani ba: saƙon da ake watsawa ga mutane da yawa a WhatsApp ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarki ba. Don haka lambar ta fito manya a jikin sitika.

Hajiya Asabe Bauchi: Ni turaren wuta da humra nake yi kusa da Wunti, kuma na sha irin wannan. Kada ki yanke wa rediyo hukunci tukuna, har yanzu tana shiga inda waya ba ta shiga. Kuskurena na farko ban tambayi lokacin da za a sa tallar ba, ashe da rana tsaka ake sakawa, lokacin mata suna fama da tukunya da ɗauko yara. Karo na biyu na ce sai dai kusa da shirin gaisuwa na dare, kuma na sa aka ce duk wadda ta zo ta ce a rediyo ta ji, za a ƙara mata ƙullin turare. Sai na ajiye littafi mai layi huɗu kusa da waya: rediyo, Facebook, wata ce ta gaya mini, a biki na gani. Duk sabuwar fuska ko sabuwar lamba, kafin a yi maganar kuɗi sai na ce "'yar'uwa a ina kika ji labarinmu?" in ja layi.

Wata biyu na ƙirga. Rediyo ta kawo, amma layin biki ya fi sauran ukun a haɗe. Ashe 'yan ƙananan kwalaben da nake sayar wa uwar amarya da rangwame tana rabawa, su ne suke yawo gida-gida da lambata a jiki. Tun daga nan kuɗin takarda ya koma can. Ke ma ki ƙulla yaji ƙanana na rabon suna da biki.

Malam Yerima: Hajiya abin da kika yi da ƙullin turare tsohuwar dabara ce. Tun kafin shekarun 1920 masu talla a jaridun Amurka suke sa wata lamba daban a 'yar takardar da mai karatu zai yanke ya aiko, kowace jarida da tata, don su san wacce ta kawo mai saye. Ki lura dai, littafin yana rage wa rediyo haƙƙinta kaɗan. Wadda ta ce maƙwabciya ce ta gaya mata, wataƙila maƙwabciyar a rediyo ta ji.

Ɗanjuma Kumo: Ina da buhunan masara masu kyau a Tudun Hatsi, mai so ya yi magana.

Shugaban Zaure: Ɗanjuma, ranar Juma'a ce ranar talla. Na goge hoton.

Ɗanjuma Kumo: Afuwa shugaba. Tunda na shigo, Hajiya in kayanki za su fita wajen Kumo ko Dukku, ki sa a karanta tallar da Fulatanci ma.

Alhaji Bappah: Ni fa duk kun bar abin da ya fi ba ni mamaki. Hajiya, ranki ya ɓaci a kan kyauta. Wane suna kika sa wa yajin?

Maman Hanifa: Sunan 'ya'yana biyu na haɗa, na ƙara da wata kalmar Turanci a ƙarshe don ya yi armashi.

Alhaji Bappah: To wa ake aike shago? Yaro ɗan shekara bakwai. Daga ƙofar gida zuwa wurina yana tafe yana maimaita saƙo yana harbin gwangwani, in sunan ya wuce kalma biyu kafin ya iso ya zube a hanya. Shekara talatin ina bayan kanta, ban taɓa jin yaro ya karanta kwali ba. "Magi mai tauraro." "Madara mai hoton saniya." Launi da hoto suke riƙewa, uwar ma sau da yawa haka ta faɗa masa. Dubi makilin, asalinsa Macleans ne, sunan kamfani ɗaya, yau duk man goge baki makilin ne. Omo haka. Indomie haka, tun tana sabuwa ana kallonta kamar tsutsa har ta zama sunan duk taliyar yara. Cowbell da ta shigo a 1993 ba da dogon suna ta ci kasuwa ba, 'yar leda ta ƙulla daidai kuɗin talaka ta sa a kowane teburin mai shayi. Ke mutane sun raɗa miki suna da kansu, ba ki yanka rago ba. Ki karɓa. Ki rubuta MAI JAN MURFI manya a sama, sunan yaran ya koma ƙasa.

Malam Yerima: Alhaji na yarda da rabi. Misalin Omo kansa gargaɗi ne: mutum ya ce a ba shi omo, ka miƙa masa wani garin sabulun daban, ya karɓa ya tafi bai ce uffan ba. Jan murfi kuma ba na Maman Hanifa ba ne, kowa zai iya sayo dozin a kasuwa gobe ya ɗura nasa. Sai yarinyar nan ta zo, mai shago ya ba ta wanda ribarsa ta fi.

Alhaji Bappah: Wannan kam za mu yi, ba zan yi maka ƙarya ba.

Malam Yerima: Shi ya sa. Ta riƙe jan, amma ta haɗa shi da wani hoto guda da yaro zai iya faɗa, turmi ne, ludayi ne, ta zaɓa, da gajeren suna. Ta buga kala biyu ko uku a takarda, waɗanda za su zagaya tambaya su nuna wa mata na ɗan lokaci su ɓoye, a yi wata hirar, can a ce wanne kika tuna. Wanda aka fi tunawa shi za a kai wa mai buga sitika, ko da ba shi ya fi burge ta ba. Sannan mutane suna rikita abu biyu: rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, daban, rajistar tambari daban, ita a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya take. Ta farkon ba ta hana wani kwaikwayon hotonki.

Adda Jummai: Da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Manyan shagunan nan na zamani ba sa ɗora abin ci a kanta in babu ita. Kuma don Allah kada wani mai murya ya zuga ki a rediyo a ce yajin yana maganin sanyi da basir. Akwai hukumar kula da talla, ARCON, da ta gaji APCON a 2022, kuma da'awar magani ba abin wasa ba ce wurin NAFDAC ma.

Maman Hanifa: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Rediyo na dakata sai na ga abin da matan 40 za su ce. Littafin Hajiya Asabe yau zan ja masa layi. Sunan yaran ne dai nake jin nauyin saukarwa, Hanifa har nuna wa ƙawayenta take yi a makaranta. Matsalata yanzu wa zan aika, duk 'yan gidanmu an san su da robar nan.

Adda Jummai: 'Yar yayata tana hutu daga jami'ar Kashere, bakinta ba ya shiru, ita da ƙawarta za su iya. Asabar da hantsi, kafin mata su ɗora girki. Ki tanadi kuɗin Keke Napep da biro biyu, kuma ki ba su robar a baƙar leda, kada murfin ya leƙo.

Sadiq Mai Waya: Anti turo mini sunan shafin in duba mutum dubu biyun nan.