Abin da masu wankan gawa da limaman unguwa suka yi ittifaƙi a kai

Da rai ya yi halinsa, a rufe idanu, a ɗaure haɓa, a miƙe gaɓoɓi kafin jiki ya sandare. Masu haƙa kabari su auna tsawon mamaci da kara tukuna. An sha sake haƙa ga makara a ajiye.

Wanka wutiri ne, sau 3 ko 5, da ganyen magarya, a sa kafur a na ƙarshe. A matsa ciki a hankali tun farko, in ba haka ba najasa ta ɓata likkafani. Salla kabbara 4 ce, babu ruku'u babu sujada. Liman ya yi cigiyar masu bin bashi.

Girki kuwa na maƙwabta ne. Ɗora wa gidan makoki ciyar da masu ta'aziyya zalunci ne.