Neman kalma: me za mu kira colony irin ta Jamestown?

Malamar Tarihi: Assalamu alaikum. Ina neman agajin masu harshe. Ina shirya darasi da Hausa kan yadda Turawa suka fara ƙetare teku suna kafa garuruwa a ƙasashen mutane, sai kalmar colony ta tsaya mini a maƙogwaro. Na saba cewa "mulkin mallaka", kuma idan ana maganar cin Kano da Sakkwato a 1903 kalmar takan zauna daram. Amma jiya ina ba da labarin Jamestown, inda Turawan Ingila 104 suka sauka a gaɓar Bajiniya, a Amurka ta yau, a watan Mayun 1607, na ce sun kafa mulkin mallaka. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to wa suka mulka?" Na tsaya da alli a hannu na rasa ta cewa. Mutanen da masarar da za su ci ma sai sun kai tagulla da duwatsun ado wurin jama'ar Powhatan, 'yan asalin ƙasar, sun yi musaya, kuma a sanyin 1609 zuwa 1610 yunwa ta cinye su har saura kimanin 60. Ina mulki a nan?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam, Malama. Me zai hana ki ce zango? Baƙi ne suka yi tafiya mai nisa suka sauke kaya suka zauna.

Alhajin Zangon Kumasi: A'a ɗan'uwa, kar ka haɗa mu da su, don Allah. Kakanninmu fataken goro da suka sauka Salaga da Kumasi izini suka nema, mai ƙasa ya nuna musu wuri, sarkin zango kuma har gobe a ƙarƙashin mai ƙasa yake. Ba wanda ya kori manomin Asante daga gonarsa. In ka kira Jamestown zango ka wanke su da sabulun da ba nasu ba.

Baba Tsohon Tafinta: Alhaji ya yi gaskiya, amma ɗan Damagaram bai yi ɓatan kai gaba ɗaya ba. 'Yata, matsalarki ita ce Bature ya cusa abu uku cikin buhu ɗaya, ke kuma kina neman igiya guda ta ɗaure shi. Mu zazzage buhun.

Na farko, gidan ciniki mai ganuwa. Elmina ke nan, wadda mutanen Fotugal suka gina a 1482 a gaɓar Gana ta yau. Jagoransu Diogo de Azambuja sai da ya zauna da sarkin wurin kafin a aza harsashi, kuma zinariya suka zo saye, ba gona ba. Wannan ki ce sansanin fatauci, ba gardama.

Na ƙarshe shi ne wanda kika sani, mulkin mallaka: baƙo kaɗan ne, ya hau kan sarauta da haraji, talaka na nan a gonarsa.

Na tsakiyan shi ne naki, kuma ba Jamestown ce ta fi nuna shi ba, Cape ce, can ƙuryar kudancin Afirka. A watan Afrilun 1652 Jan van Riebeeck ya sauka da umarnin kamfanin Holan mai fataucin gabas: ya yi lambu, ya sayi shanu da tumaki wurin makiyayan Khoikhoi, don jiragen da ke hanyar Batavia, wato Jakarta ta yau, su sami ganye da nama da ruwan sha. A wannan rana, in ka ce zango ba ka yi laifi ba, wurin yada zango ne sak. Shekara biyar kacal, a 1657, kamfani ya sallami mutum tara daga aiki ya yanka musu gonaki a bakin kogin Liesbeek. Makiyayi ya dawo da shanunsa inda ya saba kiwo duk shekara, ya tarar da garma ta bi ta kai. Zuwa 1659 an fara yaƙi. Baƙon da aka ba wurin shimfiɗa tabarma ya fara haƙa harsashi. Bahaushe yana da kalmar wannan tun kafin a haife mu: ya yi kaka-gida. Ita kanta kalmar tasu daga Latin take, colonus, wato manomi. Tushenta noma ne, ba sarauta ba.

Ɗan Damagaram: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. To ina "kama-wuri-zauna" da muke ji a rediyo?

Baba Tsohon Tafinta: Tana nan, kuma ba laifi gare ta. Sai dai kunne ya riga ya ɗaure ta da labarin Falasɗinu, da ka furta ta hankalin yaro can zai tafi. Ga tsawo kuma. Gwada cewa "zamanin kama-wuri-zaunan Turawan Ingila" sau uku a gaban aji ka ji yadda harshe ke tuntuɓe.

Malamar Tarihi: Baba, ina da tsoro ɗaya. Kaka-gida tana ɗauke da zargi. Mukan ce cuta ta yi kaka-gida a jiki, ko ɓarayi sun yi kaka-gida a daji. Ba za a ce na yanke hukunci tun kafin yara su ji labari ba?

Baba Tsohon Tafinta: "Mallaka" fa, yabo ce? Kowace kalma da nauyinta take zuwa. Abin dubawa shi ne ko nauyin ya dace da abin da ya faru. Koma Jamestown ɗinki. Daga 1612 John Rolfe ya fara noman taba, taba kuwa tana cinye ƙarfin ƙasa cikin 'yan shekaru, dole a ci gaba da share sabon fili, filin kuma na Powhatan ne. A 1619 aka sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai a gaɓar. A 1622 masu ƙasa suka kai farmaki suka kashe Turawa 347, duk da haka Turawan ba su tashi ba, sai ma ƙaruwa. Wanda yunwa ba ta kora ba, yaƙi bai kora ba, in ba kaka-gida ya yi ba me ya yi?

Alhajin Zangon Kumasi: Ni dai tunda an bar mana zangonmu, na sa hannu.

Malamar Tarihi: Na gode, Baba, Allah ya bar mana ku. Ga yadda zan rubuta a allo ranar Litinin: aikin, kaka-gida, mutanen, 'yan kaka-gida, garin, matsugunin 'yan kaka-gida. Jimlar farko: "A 1607 Turawan Ingila suka kafa matsuguninsu na farko da ya ɗore a Amurka, daga nan suka yi kaka-gida." Saura explorer, don na ga wani ya kira Vasco da Gama, matuƙin jirgin ruwan Fotugal da ya bi teku zuwa Indiya, da "ɗan yawon buɗe ido", kamar wanda ya je Yankari hutu.

Baba Tsohon Tafinta: Wannan kuma sai bayan la'asar, 'yata. An kira salla.