Wane suna za mu ba injin da ake hawa a rage tsawon ciyawa?

Salamu alaikum, 'yan uwa masu kishin harshe. Akwai injin da ake gani a filayen ƙwallo da harabar jami'o'i da manyan otal, wanda Turawa ke kira riding mower. Hawansa ake yi a zauna, yana da sitiyari da birki da tayoyi huɗu, wuƙaƙe na juyawa a ƙarƙashinsa. Masu aiki da shi "mowa" kawai suke cewa, ko wanda ake hawa ne ko wanda ake turawa da hannu. Ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar masa da suna.

Sunaye uku ke yawo: injin yankan ciyawa, ƙaramar tarakta, da wanda nake goyon baya, motar askin ciyawa.

Na farkon shi ya fi yaɗuwa, amma ina da ja a kansa. A wurin Bahaushe, yankan ciyawa aikin lauje ne: a shiga daji a yanko, a ɗaure, a kai wa dabbobi ko kasuwa. Ciyawar ake so. Shi kuwa wannan injin filin yake gyarawa, ya rage tsawo ya bar saura daidai wa daida. Asalinsa ma haka yake. Edwin Budding, wanda ya ƙirƙiro injin rage ciyawa na farko a Ingila a 1830, a masaƙa ya ga na'urar da ke aske gashin ulu a bayan yadi don ya yi sumul, ya ɗauko dabarar ya kai ta kan ciyawa. Ka ga tun farko aski ne.

Wani babban makaniki ya rubuto cewa a bar shi a tarakta, tunda kamfanoni irin su John Deere, da suka fitar da samfurinsu na 110 a 1963, su ma tarakta suke ce masa. Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka ta wannan fuskar. Sai dai mutuminmu in ya ji tarakta, noma yake ji. Gobe sai ya kora ta cikin duwatsu da kututture da ciyawar da ta kai ƙugu, wuƙa ta lanƙwashe, bel ya tsinke. Ƙa'idar masu kula da fili ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a zagaye guda. Kalmar aski tana tuna wa mutum wannan ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

To me ya sa mota? Domin yawancin cututtukanta na mota ne, kuma wanda ya ɗauke ta a matsayin mota zai nemi laifin a inda yake. In an murɗa maɓalli ta yi shiru ko ta yi ƙas-ƙas, a fara da batir, mai bolt 12 ne, a kankare kawunansa. In batir lafiya lau, a duba ko an take birki, an kuma kashe wuƙaƙe, don ba ta tashi sai da haka. A ƙarƙashin kujera akwai wani ɗan makunni da ke kashe injin idan direba ya miƙe wuƙaƙe na aiki. Wasu na haɗe wayarsa wai yana damunsu. Don Allah a daina, ƙafafun mutane yake karewa.

In kuwa tana juyawa amma ta ƙi kamawa, musamman a farkon damina bayan ta shafe rani a ajiye, sau da yawa tsohon fetur ne ya daskare a kafireta. Maganinsa a tsiyaye man kafin a ajiye ta. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, sai ka ga baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi. Baƙin mai ana canza shi kusan duk bayan awa 50 na aiki, ko sau ɗaya a shekara in ba ta kai haka ba. Askin ma in ya fito gefe ɗaya ya fi tsawo, kafin a zargi wuƙa a auna iskar tayoyi, sau da yawa ɗaya ce ta sace. Duk wanda zai kai hannu wajen wuƙa kuwa, ya cire wayar fulogi tukuna.

Wata malama ta ce sunan ya yi tsawo. Hajiya, bakin mutane zai gajarta shi da kansa, a fili "motar aski" ta wadatar. Wanda ake turawa da hannu sai ya zama injin askin ciyawa, an raba gardama ke nan.

Saura abu ɗaya da ban gama tsayarwa ba: murfin ƙarfen nan da wuƙaƙe ke juyawa a cikinsa, wanda ɗanyar ciyawa ke manne wa har ya yi tsatsa in ba a kankare shi bayan aiki ba. Ni kasko nake ce masa, saboda siffarsa in an kife. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da ku makanikai, in akwai sunan da kuke kiransa da shi a gareji, ku kawo mu ji.