Shin taswirar gonaki tana nuna asalin iyali a Sikotilan?

Hadiza: Salamu alaikum jama'a, don Allah ku zo ku raba mu gardama ni da maigidana. Maƙwabciyata a nan birnin Abadin na Sikotilan wata dattijuwa ce, shekara uku kenan tana bin sawun kakanninta, jiya na shiga gaishe ta na tarar ta shimfiɗa ƙatuwar taswira a teburin cin abinci ta soke ta da allurai masu jan kai guda goma sha ɗaya, kowace allura gona ce da ta samu sunan wani kakanta a takarda, ta bi su da zare daga ta da can zuwa ta baya-bayan nan. Takwas sun taru a kwari ɗaya. Ta ce min ita kam magana ta ƙare, nan ne asalinsu. Ni wallahi na gamsu, shi kuma ya ce sam gona ba ta nuna asali. Waye da gaskiya?

Malam Garba: Wa alaikumus salam Hajiya. Maigidanki ya fi ki kusa da gaskiya. Yawancin manoman ƙasar nan a ƙarni na 18 da na 19 ba su mallaki ko taku ɗaya ba, haya suke a hannun masu ƙasa, sau da yawa yarjejeniyar shekara 19 ce, in ta ƙare ko aka ƙara kuɗi mutum ya kwashe komatsansa ya yi gaba. To allurar nan tana nuna miki inda ya biya haya ne, ba inda aka binne cibiyar kakansa ba.

Sadiq Safiyo: Malam ban yarda ba gaskiya. Aikina kenan awon ƙasa, kuma na daɗe ina duba tsofaffin taswirorinsu da ɗakin karatun ƙasarsu ya zuba a intanet kyauta. Mutanen nan suna da abin da ƙasashe da yawa ba su da shi. Timothy Pont ya zagaya ya zana tun ƙarshen ƙarni na 16, aikinsa ne aka buga a kundin taswirori na Blaeu a 1654. Sai William Roy daga 1747 zuwa 1755, bayan yaƙin Culloden na 1746 gwamnati na son sanin hanyoyin tsaunuka saboda sojoji, shi ya sa aka zana har ƙananan ƙauyukan noma da sunayensu. Sai ta hukumar safiyo mai inci shida ga mil ɗaya wadda aka yi tsakanin 1843 da 1882, wannan kam har rijiya da shinge za ka gani. Ka ɗora ukun nan a kan juna, ka ɗauko littafin coci inda aka rubuta wane a gona kaza ya haifi ɗa, in sunan iyali ɗaya ya yi ta fitowa a kwari ɗaya shekara ɗari biyu me kuma ake nema? Ko da haya suke ai ba nisa suke yi ba, daga wannan gona zuwa ta maƙwabta ne.

Malam Garba: Ba kullum ba Injiniya. Bari in ba ka misali da gidan da kowa ya sani, gidan su Robert Burns mawaƙinsu. An haife shi a Alloway ta yankin Ayrshire a 1759. Bi gonakin: Mount Oliphant 1766, Lochlea 1777, Mossgiel 1784, duk a Ayrshire, sai Ellisland 1788 kusa da Dumfries. Duk haya. In ka soka allurai a nan za ka rantse da Allah 'yan kudu maso yamma ne kaka da kakanni. Alhali babansa William baƙo ne a can, a gonar Clochnahill aka haife shi a 1721, can arewa maso gabas kusa da Stonehaven, noma ya ƙi ya baro gida yana saurayi ya yi aikin lambu a Edinbura kafin ya gangara Ayrshire. Kaburburan kakanninsu suna Glenbervie. Allura huɗu a yanki ɗaya kuma duk sun kai ka inda ba nan ba ne.

Sadiq Safiyo: To ai Malam da bakinka ka kama kanka. Ta yaya aka san Clochnahill ɗin? Ba gona ba ce ita ma? Wanda ya tsaya a allura huɗu shi ya yi gajen haƙuri, laifin ba na taswira ba ne.

Malam Garba: An sani ne don shi sananne ne, an bi tarihinsa tun danginsa suna raye. Talakan da ba wanda ya damu da shi fa?

Ummi: Ni abin da yake ci min rai kenan, kuna ta maganar mai haya kamar shi kaɗai ne a gonar. Gona ɗaya akwai mai haya, akwai waɗanda ya ba su 'yar bukka da ɗan fili suna yi masa aiki, akwai barori maza da mata da ake ɗauka na wata shida-shida, a watan Mayu da Nuwamba ake cin kasuwar ɗaukarsu, mutum ya tsaya a fili manomi ya zo ya dube shi su yi ciniki ya ba shi kafin alƙalami. Irin wannan bawan Allah a shekara goma zai iya zama a gona goma sha biyar. Ina za ki soka allurarsa Anti Hadiza? Kuma su ne suka fi yawa. Rajistar kimanta gidaje da gonaki da aka fara duk shekara daga 1855 ma, a na farko-farko masu biyan ƙasa da fam 4 a shekara sau da yawa ba a sa sunansu. Mata kuwa sai dai a ce matar wane.

Hadiza: Ummi kin taɓo wani abu. Dattijuwar ta nuna min a takardun nata, ta ce in lura da ƙananan kalmomi biyu. In an rubuta sunan mutum sai "of" sai sunan gona, to mai ita ne. In an rubuta "in" ɗan haya ne. Nata duk "in" ne, ta sa yatsa a kai tana murmushi ta ce ba su taɓa mallakar komai ba amma sun zauna. Wannan kalmar ta zauna ɗin ita ta kama ni.

Nura: Ni dai tambaya nake. Ba sunan dangi ne ya fi sauƙi ba? Na ji an ce kowane suna da yankinsa, Campbell na Argyll, MacLeod na Skye da Lewis, ka duba suna ka san gida.

Malam Garba: Wannan ya fi na gona rauni ma ƙanena. Mutane da yawa sun ɗauki sunan shugaban dangin da suke zaune a ƙasarsa don neman kariya, ba jini ɗaya ba. Sunan MacGregor haramta shi aka yi a 1603, ba a ɗage gaba ɗaya ba sai 1774, masu shi suka ɓuya a ƙarƙashin wasu sunaye. Kamar a nan ne ka ji ana ce wa mutum wane Kano ka ɗauka kakansa na bakwai Bakano ne, alhali makaranta ce ta laƙa masa sunan garin.

Sadiq Safiyo: A nan kam mun haɗu da Malam. Amma akwai tarko ɗaya a ɓangarena da ya kamata in faɗa tsakani da Allah, sunayen gonakin maimaituwa suke. Newton, Milton, Hillhead, Mains, kusan kowace gunduma akwai su. Wanda bai haɗa sunan gona da gundumar cocinta ba zai soka allura a gonar wasu. Kuma taswirar Roy ba ta shiga tsibirai ba, in kakanka ɗan Lewis ne ko Shetland ba ruwanta da kai. Hajiya ki tambaye ta ko kowace allura ta tabbatar da gundumarta.

Ummi: Littafin cocin ma da kuke jingina da shi ramuka ne a ciki. Mafi tsufa na Errol ne 1553, amma wasu gundumomin tsaunuka da tsibirai ba su fara rubutu ba sai wajen 1800 ko bayan haka. Daga 1783 zuwa 1794 har haraji aka sa, kwabo uku kan kowane suna da za a rubuta, talaka ya ga gara ya sayi gari. A 1843 cocin ta dare biyu, jama'a da yawa suka fice, 'ya'yansu ba sa cikin littafin tsohuwar. Zaren dattijuwar nan dole akwai inda ta ɗaura shi a kan iska.

Baba Alhaji: 'Ya'yana na karanta duk abin da kuka rubuta, bari tsoho ya sa baki. Lokacin da na je ganin ɗana ya kai ni can arewa, kwarin Strathnaver a Sutherland, wani wuri Rosal. Kufai ne. Ka bi ta cikin itatuwan da aka dasa daga baya sai ka fito wani fili kore, duwatsu jere a ƙasa ba su kai gwiwa ba, nan ɗaki nan wurin shanu, ga alamar kunyoyin noma har yanzu a jikin tudu. A 1814 aka tashi mutanen wurin don a zuba tumaki, Patrick Sellar wakilin mai ƙasar aka gurfanar da shi a kotu a 1816 kan abin da ya faru a kwarin aka sallame shi, a 1819 aka sake tashin wasu. Wasu aka tura su bakin teku kan duwatsu, wasu suka haye Kanada. Na tsaya a wurin hawaye ya zo min, don na san kufai, garin kakana ma haka yake yau sai kuka da tsohuwar rijiya. Malam Garba, jikan mutumin Rosal da ke Kanada ba shi da takardar mallaka, doka ba ta ba irinsu tabbacin zama a gonakinsu ba sai 1886, bayan an gama korar nasa. Abin da ya rage masa sunan nan ne da ke kan tsohuwar taswira. In ka ce masa wannan ba asali ba ne, me ka bar masa?

Malam Garba: Allah ya ƙara girma Baba, ban musa ba. A tsaunuka inda dangi suka daɗe a ƙauye ɗaya suna noma tare suna raba kunyoyi, sunan wurin yana da nauyi sosai, a nan na sauko. Inda na tsaya shi ne ƙasar kudu da gabas, bayan masu ƙasa sun haɗe ƙananan gonaki sun mai da su manya, mutane suka yi ta yawo. Dattijuwar Hajiya 'yar wane ɓangare ce?

Hadiza: Gabas ce Malam, kwarin nata bai fi tafiyar awa ɗaya a mota daga nan ba.

Malam Garba: To ga abin da za ta yi kafin ta ce magana ta ƙare. Ta ɗauki mutumin da ke kan allura mafi tsufa. In shi ko ɗansa ya kai ƙidayar 1851, a nan an rubuta gundumar da aka haifi kowa, ta 1841 ba ta yi haka ba, iyakarta ko a wannan lardin aka haife ka ko a'a. In kuma ya rasu daga 1855 zuwa sama, takardar mutuwarsa za ta ba da sunan ubansa da sana'arsa da sunan gidan su uwarsa. Duk suna ScotlandsPeople, shafin intanet na gwamnatinsu na binciken tarihin iyali. In suka nuna kwarin nan na sallama.

Sadiq Safiyo: In kuma suka nuna wani wuri ba a cire allura ko ɗaya ba Malam, ƙara ta sha biyu za a yi.

Hadiza: Na kwafe duka a takarda. Ta ce mafi tsufan ya rasu kafin 1855, amma akwai 'yarsa da ta yi tsawon rai har ta haura tamanin, ba ta taɓa neman takardarta ba don ta bi layin maza ne kawai. Gobe in Allah ya kai mu bayan na kai yara makaranta zan shiga mu nema tare.