Maganin farfadiya ne ke dakushe yaro ko ciwon da kansa?

Maman Biyu: Salam jama'a. Ni dai zan dakatar da maganin farfadiyar nan da ake ba dana, tunda aka dora shi kan fenobabiton yaron ya koma sukuku, bacci a aji bacci a islamiyya, haddar da yake zubowa ba gargada yanzu sai ya tsaya cak yana kallon malam. Kwayoyin nan su ke cinye kwakwalwar yara wlh.

Kawu Direba: Gaskiyarki 'yar uwa. Abin nan na iska ne, a kai shi rukiyya a huta.

Anti Nas: Maman Biyu don girman Allah kar ki yanke masa lokaci daya. Yanke fenobabiton kwatsam yana iya jefa yaro cikin jijjigar da ba ta tsayawa, kuma ita ce mai barnar, duk wadda ta wuce minti 5 asibiti ake gudu. Akwai wani dan sashe a cikin kwakwalwa ta wajen kunne, hifokamfus, shi ke rike sabon abin da aka koya, in jijjiga ta dade shi ya fi jin jiki har tabo yake yi ana gani a hoton MRI.

Malamin Lissafi: Anti ban ki ta taki ba amma ita ma ba kage ta yi wa maganin ba. A 1990 an fitar da wani bincike a Amurka kan yara masu jijjigar zazzabi, wadanda suka sha fenobabiton shekara 2 makinsu na gwajin basira ya gaza na sauran. Araharsa ce ta sa ake ta rubuta shi.

Anti Nas: Sai a canza, ai akwai wasu magungunan farfadiyar, akwai balfurowet akwai lebetirasetam, likita ke janye wancan a hankali. Kuma mutane suna mantawa sau da yawa raunin ya riga maganin zuwa, doguwar nakuda, sankarau, maleriyar da ta hau kai. Yaro dan shekara 5 kwakwalwarsa ta kai wajen kashi 90 na girman ta babba, abin da ya taba ta a shekarun nan sai an shiga makaranta yake fitowa fili.

Maman Biyu: Ya yi sankarau yana jariri kam. To amma ai da haddarsa lafiya lau kafin maganin Anti, wannan fa?

Anti Nas: Nan kin kama ni, zai iya zama maganin. Sai dai tsayawa cak din nan ta tsaya min a rai, akwai farfadiyar da ba a faduwa, yaro ya dauke wuta kamar dakika 10 ido a bude ana kira ba ya amsawa, sannan ya ci gaba kamar ba komai, a rana ya yi ta sau da dama. Gwajin EEG, mai auna lantarkin kwakwalwa, ke nuna ta.

Kawu Direba: Daukewar nan ai ita muke cewa sun zo.

Malamin Lissafi: Kawu in iska ce me ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 na masu ciwon za su iya daina faduwa in sun samu maganin da ya dace? Addu'a a yi ta, ba wanda ya hana, amma ban da cusa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe kawai.

Kawu Direba: Sauran 30 din fa malam?

Maman Biyu: Ku bari Kawu. Anti zan ce wa malamin nasu ya dauko min bidiyo in ya sake yi, in tafi da shi asibitin koyarwa ran Litinin. Na daren yau in ba shi ke nan?

Anti Nas: Ki ba shi.